Jinjina Ga Masu Jinyar Bakwaini

Mace ta haifi bakwaini, ba a cika mako 37 ba, a ɗauke jaririn a sa a kwalba. Gida ana tambayar yaushe za a yi suna, ita kuwa tana asibiti, nono bai zo ba, barci ya ƙaura, tana ta tuhumar kanta. Wannan kukan zuci ba kowa ke jin sa ba.

Masu jin sa su ne ma'aikatan jinya da ungozomomi na ɗakin jarirai a Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda matan Dukawuya da sauran unguwannin cikin birnin Kano ke garzayawa. Su ke kama hannun maijego su nuna mata tatsar nono, da yadda ake ba ɗa a ɗan kofi, kaɗan-kaɗan. Su ke koya mata goyon ƙirji: ɗa tsirara sai hula da nafki, fata da fata, a ɗaure da zani. Likita Edgar Rey ya fara wannan dabara a Bogota ta Kolombiya a 1978, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a soma ta da zarar an haihu. Ɗa ya sami ɗumi, uwa ta sami natsuwa.

Maigida da kaka, ku karɓi goyon nan ta huta, ku saurari damuwarta. Idan ƙuncin ya daɗe, a kai ta wurin likita.

Ma'aikatan jinya, sannunku da ɗawainiya. Allah ya saka da alheri.