Ƙarfen da Ba Ya Kama da Kowa

Ranar da na fara shiga lambun sassaƙe-sassaƙe na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, kalmar da ta zo bakina ita ce "gumaka". Da ita na taso a Taura. Ban jima gaban siffofin mutane ba. Abin da ya tsayar da ni wasu ƙarafa ne da aka lanƙwasa aka yi musu walda, ba su kama da mutum, ba su kama da dabba. Na ce, wannan kuma hoton mene ne? Sai daga baya na gane tambayar ce ke da gyara.

Ba wanda ke tambayar dagin Arewa hoton wane ne, haka zanen da magina ke yi wa fuskar soro. Ido kan bi layi, ya ga inda ya nutse ƙarƙashin ɗan'uwansa ya ɓullo, ya gamsu. Haka ake kallon ƙarfe: ina nauyinsa ya sauka, ina maƙerin ya bar kafa don iska, wace inuwa yake zubarwa da hantsi, wace kuma da la'asar. Sai an zagaya shi. A nan Zariya ne, a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyar ɗalibai mai neman a haɗa fasahar gida da ta zamani, kuma a ganina Bahaushe ya fi kowa gādon da zai kai wa wannan haɗin.

Sai dai dandali ba lambun jami'a ba ne. A 1967 aka kafa ƙarfen Picasso mai tsayin ƙafa 50 a Chicago. Aka yi ta musu ko mace ce ko goggon biri, yau yara ke sulɓi a gindinsa. Bangon ƙarfen Richard Serra kuwa, mai tsawon ƙafa 120, da ya datse wani dandali a New York a 1981, an cire shi a 1989 bayan ƙorafin ma'aikata. Na fi jin ƙarfin aikin Serra, amma da a kaina ne, bayan ma'aikatan zan bi: hanyarsu ya tare.

Idan Dutse za ta ƙawata shataletalenta da ƙarfe, ina fata mai aikin ya fara zama wurin maƙeran kasuwar Gujungu, ya duba yadda suke karya wuyan garma.