Atisaye da Tunani: Sharhi a Kan Tsara Muhallin Koyar da Yara Kariya Daga Girgizar Ƙasa

1.0 Gabatarwa

Tun daga taron duniya da aka yi a birnin Kobe na ƙasar Japan a shekarar 2005, wanda ya haifar da Yarjejeniyar Hyogo kan rage haɗarin bala'o'i, masu tsara manhaja suka mayar da hankali ga koya wa yara yadda za su tsira idan ƙasa ta girgiza. Daga baya hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji suka fito da wani tsari na kare makarantu mai ginshiƙai uku: ingancin ginin makaranta, shirin hukumar makaranta na tunkarar bala'i, da kuma darasin da ake koya wa ɗalibai. Wannan sharhi zai auna yadda aka aiwatar da tsarin a wasu yankunan da girgizar ƙasa ta taɓa ɗaiɗaitawa. Ra'ayin da za a kare shi ne cewa an fi karkata ga ginshiƙi na uku, cikinsa ma ga atisaye kawai, saboda arha da sauƙin nunawa ga baƙi, alhali shaidar da ke hannu ta nuna cewa atisaye ba ya ceton rai sai gini ya tsaya kuma yaro ya iya tunani.

2.0 Gini Shi Ne Darasin Farko

Girgizar ƙasar da ta auku a Kashmir ranar 8 ga Oktoba, 2005, ta zo da safe, yara na cikin aji. Mutane fiye da 73,000 suka rasu a Pakistan, daga cikinsu akwai 'yan makaranta da aka ƙiyasta sun kai 17,000. A lardin Sichuan na ƙasar Sin kuwa, girgizar 12 ga Mayu, 2008, ta zo da rana tsaka, kuma hukuma ta ce ɗalibai 5,335 ne suka mutu ko suka ɓata. A wuraren nan biyu, abin da ya kashe mafi yawan yaran shi ne rufi da bango. Babu wata waƙa ko hoton bango da zai hana dakalin siminti danne tebur.

Ƙasar Nepal ta ba da misali daga ɗaya ɓangaren. Tun ƙarshen shekarun 1990 wata ƙungiya mai suna NSET ta fara ƙarfafa tsofaffin gine-ginen makarantu a kwarin Katmandu. Abin yabo a tsarinta shi ne ta mayar da aikin ginin kansa makaranta: magina na gari suna koyon ɗaure bango da ginshiƙi, iyaye da ɗalibai suna kallo, ana yi musu bayani. Da girgizar 25 ga Afrilu, 2015, ta zo, ajujuwa fiye da 25,000 suka rushe a ƙasar, amma makarantun da aka ƙarfafa a kwarin sun tsaya, har jama'a suka fake a wasunsu. Ranar Asabar ce, ranar hutu a Nepal, kuma wannan dacen ne ya hana maimaita abin da ya faru a Kashmir.

Saboda haka, raba ginshiƙan nan uku da ake yi a aikace, a bar gini ga injiniyoyi, a bar darasi ga malamai, kuskure ne. Yaron da ya ga an kafe kabad a bango, an sa ƙofa tana buɗewa waje, an kawar da kaya daga hanyar fita, ya riga ya karanta rabin manhajar da idonsa.

3.0 Matsalar Umarni Guda

Umarnin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne yaro ya durƙusa, ya shige ƙarƙashin tebur, ya riƙe ƙafarsa har girgiza ta lafa. Umarni ne mai ma'ana a inda ya samo asali, wato ƙasashen da dokar gini ke aiki, inda abin tsoro shi ne gilashi da fitilu da kabad masu faɗowa. Amma a ƙauyukan tsaunin Nepal gidaje na dutse ne da laka, waɗanda ke zubewa gaba ɗaya. Bayan girgizar 2015 an yi muhawara mai zafi a ƙasar kan ko wannan umarni ya dace da irin waɗannan gidaje, musamman ga wanda ke kusa da ƙofa ko wanda ke waje.

Darasin ga mai tsara manhaja a bayyane yake. Kowane umarni yana da sharaɗi, kuma idan aka koyar da umarnin aka ɓoye sharaɗin, an koya wa yaro biyayya ne kurum. Ya kamata darasi ya fara da tambayoyi: da me aka gina wannan ɗakin? Taku nawa ne zuwa fili? Me ke saman kanmu? Littafin da aka fassara daga wata ƙasa ba zai amsa waɗannan ba. Malami da ɗalibansa ne za su amsa, suna zagaya makarantarsu da unguwarsu da takarda da fensir.

4.0 Kamaishi da Okawa

Babu misalin da ya fayyace wannan batu kamar na makarantun gaɓar tekun Japan a ranar 11 ga Maris, 2011, lokacin da girgiza mai ƙarfin maki 9 ta tayar da igiyar sunami.

A garin Kamaishi, Farfesa Toshitaka Katada na Jami'ar Gunma ya shafe shekaru yana aiki da malaman makarantu kafin bala'in. Ƙa'idoji uku ya dasa a zukatan yara: kada su dogara kacokan ga taswirar haɗari, su yi iyakar ƙoƙarinsu a kowane hali, kuma su zama na farko wajen gudu. An cusa batun cikin darussan yau da kullum, kuma yara sun taka hanyoyin tudu da ƙafarsu. Da abin ya auku, ɗaliban wata ƙaramar sakandare a unguwar Unosumai suka ruga zuwa tudu, 'yan firamaren da ke maƙwabtaka, waɗanda aka riga aka hau da su bene, suka sauko suka bi su. Da suka isa wurin da aka tanada, suka ga bai isa ba, suka ƙara gaba, manya na riƙe da hannun ƙanana. Ruwa ya shafe makarantun biyu, duk da cewa taswira ta sa su a wajen yankin haɗari. Cikin ɗalibai kusan 3,000 na garin, biyar ne suka rasu, a garin da ya yi asarar mutum fiye da 1,000.

A makarantar firamare ta Okawa da ke Ishinomaki, an fito da yara fili cikin tsari, an ƙidaya su, kamar yadda atisaye ya tanada. Sai dai kundin makarantar bai fayyace inda za a nufa daga nan ba. Aka shafe kusan minti hamsin a filin, alhali akwai tudu a bayan makarantar, daga bisani aka nufi wajen gadar kogin Kitakami, inda ruwa ya tare su. Yara 74 cikin 108 da malamai goma suka salwanta. A shekarar 2018 Babbar Kotun Sendai ta yanke cewa gazawar ta faro ne tun daga shirin da ba a kammala ba kafin bala'in, kuma Kotun Ƙoli ta bar hukuncin a yadda yake a 2019.

Dukkan makarantun sun yi atisaye. Bambancin shi ne a Kamaishi an ba yaro izinin yanke shawara, an kuma horar da shi a kan haka. Sai dai a nan ma akwai abin lura. Kiran abin da ya faru "mu'ujizar Kamaishi", kamar yadda jaridu suka yi, yana rufe aikin shekaru da malamai suka yi, yana kuma iya ɗora wa yara nauyin da na manya ne.

5.0 Yaron da Ya Riga Ya Gani

Mafi raunin ɓangaren manhajojin nan shi ne mantawa da cewa yaron da ya tsira ba baƙo ba ne ga darasin. A Nepal an koma karatu a ƙarshen Mayun 2015 cikin rumfunan gora da tamfol, makonni kaɗan bayan girgiza ta biyu ta 12 ga Mayu. Buga ƙararrawa ba zato ga irin waɗannan yara, ko nuna musu hotunan ɓaraguzai, fama musu gyambo ne. Abin da ya dace shi ne a fara da wasa da zane da tsayayyen jadawali, a sanar kafin kowane atisaye, a kuma bar wanda ya kasa ya tsaya gefe. Birnin Kobe, wanda ya rasa mutum fiye da 6,000 tare da kewayensa a girgizar 1995, ya nuna hanya: an tura ƙarin malamai makarantu domin kula da halin yara, kuma daga 2005 aka fara wani shiri da ke haɗa musayar kayan wasa da koyon kashe wuta da ɗaukar majinyaci a bargo. Ilimin yana shiga, tsoro bai biyo shi ba.

6.0 Kammalawa

Tsarin ginshiƙai uku yana da inganci a takarda. Inda ya gaza shi ne wajen auna nasara, domin yawan atisaye da yawan littattafan da aka raba su ne ake ƙidayawa. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne a tambayi yaro abin da zai yi idan yana hanyar gida, babu malami, kuma hanyar da ya saba ta toshe.

Nijeriya ba ta cikin yankunan manyan girgizar ƙasa, ko da yake an ji motsin ƙasa a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016 da Mpape ta Abuja a 2018. Amma ambaliyar 2012 da ta 2022, da ginin makarantar da ya rufta a Jos a Yulin 2024 ya kashe mutum 22, sun isa su sa mai tsara manhaja ya ɗauki waɗannan darussa da muhimmanci: a duba gini kafin a rubuta darasi, a koyar da kowane umarni tare da dalilinsa, a kuma rubuta a kundin kowace makaranta sunan wurin da za a gudu da wanda zai ba da umarni idan shugaban makaranta ba ya nan.