Gicciyen Dutse a Ƙauyukan Galisiya: Sharhi a kan Aikin Castelao

Wannan maƙala za ta duba littafin As cruces de pedra na Galiza, wato Gicciyen Dutse a Galisiya, na Alfonso Castelao, likita kuma mai zane, wanda aka buga a Buenos Aires a 1950, shekarar da ya rasu yana gudun hijira. Da harshen Galisiyanci ya rubuta shi, kuma an buga shi a zamanin da mulkin Franco ya danne wannan harshe a Sifen.

Babbar nasarar littafin ita ce ɗaukar aikin masassaƙan ƙauye da daraja. Waɗannan gicciye, da ake kira cruceiro, ana kafa su ne a mararraba, ko harabar coci, ko hanyar maƙabarta, kuma amfaninsu ya wuce ado. Masu ɗauke da gawa kan tsaya a gindinsu su yi wa mamaci addu'a. Matafiyin dare kan nemi tsari a wurinsu daga Santa Compaña, wato ayarin matattu da mutanen karkara suka yi imani yana yawo. Har ila yau, a da akan binne jariran da suka mutu ba baftisma a kusa da su, tun da ba a yarda a sa su a maƙabartar coci ba. Ke nan dutsen ya zama mafaka ga waɗanda dokar Katolika ta bari a waje.

Sai dai akwai inda ya kamata mai nazari ya yi hattara. Castelao ya ziyarci yankin Bretagne na Faransa a 1929, ya wallafa littafi kan gicciyen can a 1930, kuma yana cikin masu kishin Galisiya da ke ganin yankunan biyu tsatsonsu ɗaya ne, na Keltawa. Amma kama da wane ba ta wane. Ɗarika ɗaya, da yalwar dutse mai tauri, da zirga-zirgar teku, da masu ziyarar Santiago de Compostela sun isa su haifar da wannan kamanni. Bugu da ƙari, gicciyen Melide, wanda ake ɗauka cikin mafiya tsufa, na ƙarni na 14 ne, nesa ƙwarai da zamanin Keltawa.

Saboda haka, hujjar da ta fi ƙarfi tana ga abin da ƙauyawa ke yi a gindin dutsen, ba ga asalin da ake nema masa ba.