Labarin Wane Ne? Tsokaci a Kan Fim Ɗin The Fall

Akwai wani zargi da masu nazari suka daɗe suna yi wa fim ɗin The Fall, wanda Tarsem Singh, haifaffen Indiya, ya shirya, aka fara nuna shi a shekarar 2006. Suna cewa kyan ɗan maciji gare shi: ido ya ƙoshi, zuciya ta tashi da yunwa. Mu kam ba mu yarda da wannan hukunci ba, ko da yake mun san inda ya samo tushe.

Ga yadda zaren labarin yake a taƙaice. A wani asibiti da ke Los Anjalas ta Amurka, zamanin da sinima ba ta fara magana ba, an kwantar da Roy, ɗan wasan kasada da ya faɗo daga kan gada ƙafafunsa suka shanye, budurwarsa kuma ta guje shi. A nan ya haɗu da Alexandria, wata 'yar ƙaramar yarinya 'yar ci-rani da ta karya hannu wajen tsinkar lemo. Sai ya shiga ba ta labarin wasu jarumai da suka yi rantsuwar ganin bayan wani azzalumin gwamna mai suna Odious. Amma fa ba don Allah yake yi ba. Yakan katse labarin daidai inda ya yi daɗi, ya ce ba zai ci gaba ba sai ta sato masa ƙwayar mofin, wadda yake nufin kashe kansa da ita.

Duk ɗalibin da ya karanta Magana Jari Ce zai gane wannan dabara, domin da ita aku ya riƙe Musa ɗan sarki ya hana shi fita. Da ita kuma Shaharzad ta tsira da wuyanta a Dare Dubu da Ɗaya. Su sun yi jari da magana don a rayu, Roy kuwa ya yi jari da ita don ya mutu. Wannan juyin shi ne ƙashin bayan fim ɗin.

To, ina amfanin duk wannan ƙawa? Amsar tana cikin tambayar da ba a cika yi ba: idon wa muke kallo da shi? Bakin na Roy ne, amma hoton na yarinyar ne. Da ya ambaci Ba'indiye, yana nufin jan mutumin Amurka mai bukkar fata, sai ita ta hango mana mai rawani da gemu, irin wanda ta sani a gonar lemo. Mai kawo ƙanƙara asibiti ya zama jarumi, ma'aikaciyar jinya ta zama gimbiya. Saboda haka shuɗin birnin Jodhpur, da rijiyar Chand Baori mai dubban matakala, da jan yashin hamadar Namibiya, da giwar da ke iyo a teku, ba ado ne na banza ba. Girman duniya ne a zuciyar yaron da aka killace a ɗaki. Kuma wuraren na gaske ne. An shafe kimanin shekara 4 ana ɗaukar su a ƙasashe fiye da 20, ba a dogara ga zanen kwamfuta ba. Tufafin da Eiko Ishioka ta tsara ma sun isa a yi musu nazari na daban.

Inda fim ɗin ya fi taɓa mu shi ne kusa da ƙarshe. Yarinyar ta faɗo wajen sato maganin, an ɗaure mata kai, Roy kuwa cikin maye da nadama ya shiga karkashe jarumansa ɗaya bayan ɗaya. Tana kuka tana roƙo, yana cewa ai labarinsa ne, ita kuma ta tsaya a kan cewa ita ma nata ne. Wanda ya taɓa yi wa yara tatsuniya ya san gaskiyarta. Da zarar ka ce ga ta nan ga ta nanku, ka ba da rabin mallaka. Catinca Untaru, 'yar ƙasar Romaniya da ta fito a matsayin yarinyar, ba ta yi kama da mai haddar magana ba. Tana katse babba, tana in'ina, tana ƙarya irin ta yara.

Sai dai ba a rasa nono a ruga, laifin ma akwai shi. Tsakiyar fim ɗin tana jan ƙafa, kamar mai shiryawa ya kasa rabuwa da wasu hotunan. Abin da ya fi damun mu kuwa shi ne baƙin jarumin nan, Otta Benga. An aro sunansa daga Ota Benga, mutumin Kwango da aka baje kolinsa a gidan namun daji na Bronx a 1906. Suna mai nauyi irin wannan ya cancanci baki da tarihi, amma sai aka bar shi da ƙirji a buɗe da kwari da baka, kalmominsa ba su taka kara sun karya ba. Har mutuwarsa, kwance a kan kibiyoyin da suka cika masa baya, an tsara ta ne don ta yi kyau a ido.