Fadar Bakin Teku da Wasan Tsakar Gida a Lome

Jamusawa ne suka gina fadar tsakanin 1898 da 1905, dab da teku, yadda duk jirgin da ya nufo Lome zai hango ta tun daga nesa. Gwamnonin Faransa suka gaje ta, gwamnatin Togo ta karɓa bayan 'yancin 1960. Rikicin siyasar farkon shekarun 1990 ya sa aka yasar da ita, ciyawa da ɓarɓashin gishirin iskar teku suka yi ta cin bangonta, har Nuwamban 2019 da aka buɗe ta a matsayin gidan fasaha mai suna Palais de Lomé, ƙarƙashin jagorancin Sonia Lawson. Gyaran ya yi kyau, ba a musu.

Sai dai wasan kwaikwayon Lome ba a irin wannan gini ya girma ba. Wanda ya fi shiga jinin jama'a shi ne "concert party", da ya ƙetaro daga Gana, ƙungiyar Happy Star ta riƙe tutarsa tun shekarun 1960. A farfajiyar mashaya ko tsakar gida ake yinsa, da dare. Makaɗan hailaif su fara ɗumama wuri, sannan 'yan wasa su fito fuska shafe da farar hoda, ƙato ya ɗaura zane da ɗankwali ya zama uwargida. Babu rubutaccen labari. Akwai dai ƙashin bayan zance, yaron gida mai wayo, attajiri marowaci, budurwar birni, sauran kuma a baki ake ƙera shi da harshen Mina. Ɗan kallo na tsoma baki, wani ya hau dandali ya manna wa wanda ya burge shi kuɗi a goshi. Cire wannan hayaniyar, ka zaunar da mutane a kujeru masu lamba, rabin wasan ya tafi.

Bahaushen unguwar Zongo ta Lome ba baƙo ba ne ga wannan tsari. Haka yake yi da mai kalangu da maroƙi ranar biki: a tare layi, a shimfiɗa tabarmi, a wasa mutum da sunan kakansa, shi kuma ya yi liƙi. Wanda ake yi wa wasan yana cikin wasan.

Amma akwai tazara ta zahiri tsakaninsa da fadar. Tsohon Zongo a tsakiyar gari yake, har 1977 da hukuma ta rushe shi ta kwashe mutanensa zuwa arewa, wajen Agoe, kimanin kilomita 15. Masanin Faransa Michel Agier ya rubuta littafi a kan fataken unguwar a 1983. Yau mai son kallo a bakin teku sai ya lissafa kuɗin ɗan acaɓa zuwa da dawowa, ga Faransancin da ake yawan gabatar da abubuwa da shi. A ganina fadar ta iya baje hotuna da kayan sarauta, amma wasan baki irin wannan sai ta ɗauke shi a mota ta kai Agoe, bayan sallar isha'i, a fili.