Ran Da Na Baya Ya Fito Gaba: Faifan Jaco Pastorius Na 1976

Kowace ƙungiyar makaɗa tana da na gaba, tana da na baya. Na gaba shi ne mai waƙa ko mai busa, shi a ke kallo, shi a ke yi wa kari, sunansa kuma a ke komawa gida da shi. Na baya kuwa shi ne mai riƙe da gindin kiɗa, wanda ba a kan san da zamansa ba sai ran da ya yi fashi, a ji kiɗan ya zama lami kamar miya ba gishiri. A kiɗan baƙaƙen Amurka wannan aiki yana hannun mutum biyu, watau mai ganga da mai kaɗa jitar nan da su ke kira bes. To, maganarmu a nan ta wani faifai ce da wani makaɗin bes ya fitar da sunansa a shekarar 1976. Abin da mu ke so mu auna shi ne, in na baya ya tsallako gaba, kiɗa riba ya ke ci ko hasara?

Ita bes jita ce mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri. Muryarta can ƙasa ta ke, irin wadda mutum ya kan ji a ƙirjinsa tun kunnensa bai rarrabe ta ba. Da can wata ƙatuwa ce ta katako mai tsawon mutum, a tsaye a ke kaɗa ta. A 1951 kamfanin Leo Fender na Kalifoniya ya fito da irin wadda a ke ratayawa a kafaɗa a haɗa ta da lantarki, muryarta ta fito sosai. Duk da haka matsayin mai kaɗa ta bai sake ba. Ga James Jamerson nan, wanda ya kaɗa wa kamfanin Motown bes a waƙoƙi masu ɗimbin yawa da duniya ta yi rawa da su, amma sai wajen 1971 aka fara rubuta sunansa a bayan faifai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

A shekarar nan ta 1951 aka haifi Jaco Pastorius, wanda a kan faɗi sunansa Jako, ya girma a jihar Fulorida. Da ganga ya fara, sai ya ji ciwo a wuyan hannu wajen wasan ƙwallo yana ɗan yaro, ya koma ga bes. Ya yi shekaru yana kaɗa wa mawaƙa a gidajen rawa, ciki har da ƙungiyar Wayne Cochran, a nan ya ƙoshi da fank, kiɗan rawa mai nauyin bugu da yawan maimaici. A gefe guda kuma yana koyon jaz, kiɗan da a ke ɗaukar take ɗaya kowane makaɗi ya sarrafa shi nan take yadda hikimarsa ta ba shi. Akwai kuma wani abu game da jitarsa wanda ya kamata mai karatu ya sani. A wuyan jita a kan gitta waɗansu ƙananan ƙarafa, su ne ke yanka murya daki-daki. Tasa ba ta da su, wuyan sumul ya ke kamar na goge ko na gurmi, ya shafe shi da wani ƙaro mai tauri da a ke shafa wa jiragen ruwa. Saboda haka yatsansa na iya sulalewa daga wannan murya zuwa waccan, jitar ta yi ta shauƙi kamar maƙogwaron mutum.

Faifan kamfanin Epic ne ya buga shi, ba shi da wani suna sai na mai shi, kiɗa 9 ne a ciki. Na farko, "Donna Lee", take ne da Charlie Parker ya sa a faifai a 1947, mai gudu da yawan kwana, wanda ko masu busa su kan yi gumi kafin su kai ƙarshensa. Jako ya ɗauke shi da bes, babu kowa tare da shi sai Don Alias mai kaɗa dogayen gangunan Kuba da tafin hannu. Cikin minti biyu da rabi ya kai taken, ya sarrafa shi, ya sauke, kowace murya ta fito sarai. Wannan kirari ne, mutum ya shigo fage ya faɗi ko shi wane ne. Kirarin kuwa ya karɓu, gama abin da ya faɗa ya aikata. Sai dai mai sauraro ya kan fita daga cikinsa da mamaki fiye da daɗi.

Daɗin yana nan gaba, a "Continuum", inda ya bar gudu ya sa jitar ta rera a hankali, kana a "Portrait of Tracy", wanda ya sa wa sunan matarsa. A wannan shi kaɗai ne tilo. Dabarar da ya yi amfani da ita kowa na iya gwada ta a kan tsirkiya. In ka ɗora yatsa sama-sama daidai tsakiyar tsirkiya, ko a kashi ɗaya cikin uku, ko cikin huɗu, ba ka danne ba, sa'an nan ka kaɗa, sai wata siririyar murya ta tashi kamar ta ƙararrawa. Makaɗa sun daɗe da sanin wannan, amma galibi wajen gyara tsirkiya su ke aiki da ita. Shi kuwa sai ya gina kiɗa sukutum da waɗannan ƙararrawa, yana kuma riƙe da muryar ƙasa a lokaci guda, har ka rantse mutum biyu ne. Abin yabo a nan shi ne, bayan an saurara sau biyu sau uku a kan manta da dabarar, taken ya zauna a zuci. Gwaninta ta gaske ke nan, wadda ta kan ɓoye kanta a bayan abin da ta haifa.

Amma a ganinmu zuciyar faifan nan tana ga "Okonkole y Trompa", kuma a nan ne amsar tambayarmu ta ke. Kalmar farko daga sunan okonkolo ta fito, ƙaramar ganga cikin gangunan bata guda uku waɗanda Yarabawa da aka kai bauta Kuba suka tafi da iliminsu. Babbar cikinsu iya a ke ce mata, watau uwa, ita ke magana. Ƙaramar kuwa aikinta ta riƙe bugu ɗaya ba ta sakewa. Kalma ta biyu da harshen Sifaniyanci ce, sunan wani naɗaɗɗen ƙaho na tagulla, wanda Peter Gordon ya busa. To, ga mutumin da ya gama nuna wa duniya yana iya tsere da masu busa, sai ya koma ya mai da jitarsa ƙaramar ganga, ya kama zagaye ɗaya yana ta maimaitawa, ya bar wa ƙaho sarari yana yawo a bisa kamar shirwa. Wanda ya san gaba ya kuma zaɓi baya don kiɗa ya yi kyau, shi ne ya san kiɗa. Haka kuma a "Come On, Come Over", inda mawaƙan nan biyu Sam da Dave suka yi waƙa, ya tsaya a bayansu yana ingiza su da ƙananan bugu masu kama da tafasar tukunya, ba wanda zai ji ƙafarsa ba ta motsa ba.

Faifan bai rasa aibu ba. Babban aibinsa shi ne ya yi kama da tabarmar ɗan koli, ga allura, ga madubi, ga turare, kowanne mai kyau, amma ba abin da ya haɗa su sai mai tabarmar. Daga jaz a faɗa fank, daga nan a ji gogen Turawa tuli, sa'an nan gangunan ƙarfe na mutanen Tirinidad a "Opus Pocus". Saurayi ne ɗan shekara 24 ya sami dama, yana so ya zazzage jakarsa duka a rana ɗaya. Manyan baƙin da ya gayyato, irin su Herbie Hancock mai piyano da Wayne Shorter mai busa, sun ƙara wa faifan daraja, amma a dogayen kiɗan, musamman na takwas mai kusan minti 9, zance ya kan yi tsawo har mai sauraro ya nemi bakin zaren. Ga shi kuwa kiɗan ƙarshe, "Forgotten Love", ba a jin jitarsa ko kaɗan, piyano ne da goge, don a san shi mai tsara kiɗa ne, ba mai saurin yatsa kaɗai ba. Niyyar ta yi kyau, kiɗan dai bai kai na tsakiyar faifan ba.

Abin da ya biyo baya shi ya sa maganar ta zama mai nauyi. A shekarar nan Stanley Clarke ma ya fitar da nasa faifan, "School Days", shi kuma Jako ya shiga ƙungiyar Weather Report. Daga nan samari masu kaɗa bes a ƙasashe da yawa suka shiga cire ƙarafan jitarsu. Waɗansu sun amfana, suka gane kayan kiɗansu na iya magana. Waɗansu kuwa gudun kaɗai suka kwaikwaya, suka bar gindin kiɗa ba mai riƙo, kowa na gaba, gida ba ginshiƙi. Laifin ba na faifan ba ne, na masu sauraron rabinsa ne, waɗanda suka haddace kiɗan farko suka tsallake na bakwai.

Shi kansa bai yi tsawon kwana ba. Ciwon taɓin hankali da shaye-shaye suka ci ƙarfinsa, har ya kai ga kwana a titi. A watan Satumba na 1987 wani mai gadin gidan rawa a Fulorida ya yi masa duka, ya rasu ran 21 ga watan yana da shekara 35.

Wanda ya sami faifan nan, shawararmu ita ce kada ya fara da na farko. Ya fara da na bakwai, ya kasa kunne ga abin da ke gudana a ƙasa, sa'an nan ya koma na biyar, kana ya zo ga kirarin. In ya yi haka zai ga cewa na baya ya cancanci gaba ne domin ya riga ya ƙware a baya. Daga ranar kuma, duk inda ya ji ana kiɗa, ko a dandali ko a rediyo, kunnensa zai riƙa neman mutumin nan da ba a yi wa kari.