Masu Sa Bango Ya Yi Magana

Ɗalibin da ya gama digirin farko a fannin zanen gine-gine ya iya tsara sabon gida. Wanda ya koma digiri na biyu ko na uku a tarihin gine-gine da nazarinsu kuwa, wani aiki daban yake koyo: ya tsaya gaban tsohon gini ya gano wa ya gina shi, da me, kuma don me aka yi shi haka.

Aikin da awo yake farawa, kuma awon nan ba wasa ba ne. Sai an bi kowane bango da igiyar awo, an san kaurinsa a gindi da a sama, an zana shi a takarda har da karkacewarsa. Mai gaggawa yakan miƙe abin da magini ya lanƙwasa da gangan, shi ke nan ya ɓata shaida.

Masallacin Juma'a na Zariya shi ne babban misali. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830. Baƙo zai shiga ya ce masha Allah ya fita. Masani kuwa zai ɗaga kai ya tambayi kansa: tun da azara ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan faɗin ɗaki ya haura kimanin mita 2, yaya aka rufe wannan fili? Amsar tana cikin bakan gizo. Ana jera azara hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Wanda ya gane wannan ya daina kallon bakan a matsayin ado kawai, ya san lissafi ne.

Zbigniew Dmochowski, ɗan ƙasar Folan, ya shafe shekaru yana irin wannan awo a Nijeriya, kuma an buga aikinsa cikin juzu'i 3 a 1990, bayan rasuwarsa. Da aka kewaye masallacin Zariya da ginin siminti a shekarun 1970, darajar zane-zanen Dmochowski ta ƙara fitowa fili.

Amma awo kaɗai ba ya faɗin abin da magini yake nufi. Nan ne aikin Hamman Tukur Sa'ad ya fi burge ni. A kundin digirinsa na uku da ya kammala a Jami'ar Michigan ta Amurka a 1981, ya zauna da magina ya tambaye su yadda su da kansu suke bambance gini mai kyau da marar kyau, maimakon ya ɗora musu ma'aunin Turai. Irin wannan tambaya ce zuciyar nazarin: me ya sa baƙo yake tsayawa a zaure, me ya sa ƙofofi ba sa fuskantar juna, wane ne ginin yake karewa daga idon wa?

Tsofaffin magina suna ƙarewa, damina kuma ba ta jiran kowa. Ɗaliban sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da takwarorinsu, ku ɗauki igiyar awo ku shiga birni tun ana samun wanda za a tambaya.